Sawun Mutum Ɗaya a Kan Ƙanƙara

Tun tana ƙarama Baba ya sa mata Alƙaliya, sunan kuma ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan aure, ya bi ta har shagon da take sa wa hotuna firam. Yarinya ce da ba a nuna mata zane ta ce ya yi kyau ta wuce. Sai ta tsaya, ta karkata kai, ta ce ai wannan mutumin kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma. Baba ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana ce wa baƙi, "Ku gyara zama, kotu ta zauna." Yanzu ta haura arba'in, Baba ya shekara guda a ƙasa, amma halin nan yana nan ko gezau.

Shi ya sa da mai zauren baje kolin zane-zane ta shirya nuna aikin Baba don tunawa da shi, Alƙaliya aka ɗora wa tantancewa. Kowane zane sai ta duba shi, ta sa masa firam, ta rubuta katin da za a liƙa a gefensa, ta sa hannu a ƙasa cewa aikin mahaifinta ne. Mai zauren ta faɗa mata ba tare da ɓoye-ɓoye ba: idan aka kama ko guda ɗaya na jabu a bango, masu sharhi ba za su tsaya a kansa ba, duk sauran ma kallon zargi za su yi musu. Sunan Baba ne a hannunta, kuma ta san da haka.

Baba ya yi shekara biyu a wata ƙasa mai sanyi yana saurayi, wajen karatu. Ya dawo da tari a ƙirji wanda bai taɓa rabuwa da shi ba, da kuma dusar ƙanƙara a cikin kansa. Ita ya yi ta zanawa har tsufansa: daji ya yi fari fat, bishiyoyi a tsaye, sama a murtuke. Alƙaliya ta san zanukan nan kamar yadda ta san ɗakunan gidansu. Guda ashirin da shida ne, ta gama da ashirin da biyar, na ƙarshe yana rataye a ɗakin Umma, mahaifiyarta, ita za ta kawo shi da kanta.

Saura kwana uku a buɗe baje kolin, da hantsi, Baffa ya shigo shagon rungume da wani abu a nannaɗe cikin tsohon zanen gado.

Baffa ƙanin Baba ne, sana'arsa rubuta allunan shaguna. Duk dangi sun san tun yana matashi yake mafarkin a rataye aikinsa a zaure irin na yayansa. Ya taɓa kawo wa Baba wani zane da ya yi wata uku a kansa, Baba ya duba ya duba, ya ce, "Ka riƙe haruffanka da kyau, su ne rabonka." Baffa ya yi dariya a ranar, amma Alƙaliya tana wurin, ta ga dariyar ba ta kai ido ba.

"Alƙaliya, zo ki ga abin da Allah ya tono mana," in ji shi, yana haki. "Jiya matar Yaya ta ce in turo mata kabad ɗin ɗakin aiki, ta shiga ɗauko tsintsiya, sai ga shi a baya, an jingine shi da bango. Ko ita ban nuna wa ba, so nake ta gan shi a firam. Na ashirin da bakwai ke nan!"

Ta kwance zanen gadon, ta kwantar da abin a kan teburin aiki, ta ja da baya.

Abin da ya fara ba ta haushi shi ne zanen ya yi kyau. Daji ne da yamma liƙis, sama ta yi launin ruwan wanke-wanke, ba rana ba gajimare, wani nauyi kawai da ya danne komai. Bishiyoyi dogaye sun jeru daga hagu sun nausa ciki har sun haɗe da duhu. Ƙanƙarar kuwa, idan ka matso ba za ka sami farin fenti tsantsa ko ɗigo ba. Shuɗi ne mai haske, da toka-toka, da ɗan ruwan hoda a inda haske ya taɓa, sai ka ja da baya duk su haɗu su zama fari mai sa haƙora su yi tsami. A gindin bishiyoyi an bar jan launin da aka fara shimfiɗawa a ƙasa ya ɗan leƙo, kamar ƙasar tana da sauran ɗumi a can ciki. Wannan dabarar Baba ce, ba ko tantama. Tana tsaye a shago mai zafi, fanka na juyawa, amma sai da tsikar jikinta ta tashi.

"Ina sa hannunsa?" ta tambaya.

"Wataƙila bai kai ga sawa ba."

"Wataƙila."

Baffa ya ji yadda ta ja kalmar, ya dube ta, ya dubi zanen, ya ce yana da allon da zai kai kafin azahar. Yana fita ta ɗauko tocila da gilashin ƙara girma.

Ta fara da bayan zanen. Yadin yana da siririn shuɗin zare a gefensa, ta gane shi nan take. Ita ta sayo wa Baba bandir ɗin yadin nan, saura wata guda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Bai ko kwance igiyarsa ba. Ciwon ya tafi da hannunsa na dama gaba ɗaya, ya bar masa ƙafa yana ja, ya bar masa magana rabi-rabi, ya yi shekara biyu a haka kafin ya rasu. Ta sa farce ta danna fentin a can gefe inda ya yi kauri, farcen ya bar shaida. Fentin bai gama ƙeƙashewa ba. Zanen da aka yi shekara uku da suka wuce ba zai yi haka ba.

Sai ta haska tocila a kaikaice, yadda sawun buroshi ke fitowa. Mai hannun dama idan yana zuba ganyen bishiya da sauri, layinsa daga sama ta dama yake gangarowa ƙasa ta hagu, haka Baba yake yi duk rayuwarsa. A nan kuwa kowane layi ya kwanta ta ɗaya ɓangaren. Bishiyoyin duk da hannun hagu aka yi su.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Baba bai taɓa zana daji ba tare da ya bar wa mai kallo wurin fakewa ba: ko wata 'yar bukka, ko hayaƙi siriri daga bayan tudu, ko taga mai haske can nesa. Yakan ce zalunci ne ka kai mutum cikin sanyi ka baro shi. Wannan zanen babu bukka, babu hayaƙi. Sawun mutum ɗaya ne kawai ya taso daga ƙasan zanen ya nufi cikin bishiyoyi, bai dawo ba. Sawun ma an ɓata shi. Na hagu ya fito sarai, na dama kuwa duk an goge shi, an ja shi, kamar buroshi ya kuɓuce wa mai shi, kuma ba sau ɗaya ba, a kowane taku.

"Ka iya sama, ka iya ƙanƙara, sawu ya gagare ka," ta ce da zanen, ta yi tsaki.

Ranar ba ta iya yin wani aikin kirki ba. Ta yanka gilashin wani mutum ba daidai ba, ta sake yankawa. Zuciyarta sai lissafo mata abubuwa take yi. Wa ke da makullin gidan ban da ita da Umma? Baffa. Wa ya yi shekaru yana zama a ɗakin aikin Baba yana kallon yadda ake haɗa launi? Baffa. Wa ya sami zanen shi kaɗai, daidai lokacin da Umma ta juya baya? Har murnar da ya shigo da ita ta dawo mata, ta ga ta yi yawa. Mutum ya rasa hanyar shiga zaure da sunansa, shi ne zai laɓe a bayan mamaci ya shiga. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana son Baffa, shi ya koya mata hawan keke.

Washegari ta same shi a rumfarsa, ya tsuguna gaban wani allo mai launin ɗorawa yana cike harafi da jan fenti. Ta gaishe shi, ta zauna a benci, ta sa wa hannunsa ido. Da dama yake rubutu. Ta ce a ranta wannan ba hujja ba ce, mai son ɓad da sawu ai zai iya sauya hannu.

"Baffa, miƙo mini wancan gwangwanin in gani."

Ya miƙo da dama.

"Ka taɓa gwada zane da hagu?"

Ya ajiye buroshin a bakin gwangwani a hankali. "'Yata, tun jiya nake jin ƙanshin shari'a. Faɗi abin da ya kawo ki."

Ta faɗa. Yadin, fentin, layukan bishiya, sawun da aka ɓata, ta jero su ɗaya bayan ɗaya ba ta rage komai ba. Ta ce ba za ta sa hannu a katinsa ba, kuma gara ya faɗa mata gaskiya tun magana tana tsakaninsu.

Baffa ya nuna allon da ke gabansa, wanda aka rubuta ANA GYARAN WAYA A NAN, saura harafi biyu.

"Ki dubi wannan, ki tuna wancan. Da ni na iya wancan, a nan za ki same ni a tsugune?" Ya yi 'yar dariya, muryarsa na rawa. "Babanki ya faɗa mini gaskiya tun ina da gashi a ka, na ji zafi, na haɗiye. Amma ko shi bai taɓa ce mini ɓarawo ba."

Ya ɗauki buroshinsa ya ci gaba da harafin. Ta yi masa sallama, ya amsa bai ɗago ba. A hanya kunya ta kama ta, amma zargin bai sake ta ba. Ta ce wa kanta ai mai laifi ma ya iya rawar murya.

Duk da haka, da ta koma shago sai ta tsinci kanta tana auna zanen, tana yanka masa katako. Ta ce don kada ƙura ta ɓata shaida ne. Ta zaɓi baƙin firam siriri, ta ɗora gilashi, ta bar shi a kan tebur. Duk sanda ta wuce sai ta tsaya a kansa. Ko wane ne ya yi shi, ya san sanyi, ya kuma san kaɗaici, wannan kam ba ta isa ta musa ba.

Ranar jajibirin buɗewa, da safe, Umma ta zo da zanen ɗakinta, direban tasi ya shigo mata da shi. Umma mace ce marar yawan magana, 'yar siririya, kullum hannunta yana neman abin yi. Alƙaliya ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kiran sunanta, ko na gaskiya ko na tsokana.

"Ke, me kika yi wa Baffanku? Jiya ya aiko da makullin gida, ya ce a ajiye."

"Umma, zo ki ga abin da ya kawo, wai na Baba ne."

Umma ta matso teburin. Ta dubi zanen. Alƙaliya ta shiga zuba bayani, tana nuna yadi, tana nuna bishiyoyi, bakinta har kumfa yake. Umma kuwa sai ta ce gilashin duk shatin yatsu ne. Ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma a gefen tebur ta fara gogewa.

Alƙaliya ta tsaya a tsakiyar magana.

Da hagu Umma take gogewa. Wannan ba sabon abu ba ne. Kowa a gidan ya san bahaguwa ce aka haife ta, aka yi ta bugun hannun tana yarinya har ta koyi ci da rubutu da karɓar abu da dama, amma wuƙa da allura da tsintsiya suka ƙi komawa. Abu ne da Alƙaliya ta gani sau dubu har ta daina ganinsa. Sai dai yau tsumman yana barin layukan danshi a kan gilashi, gajeru, a karkace, kuma a ƙarƙashinsu layukan bishiyoyin suna kwance daidai da su, kamar an ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Ta tuna warin kananzir da ba ya barin hannun Umma, wai na wanke wa Baba buroshi ne. Ta tuna ƙofar ɗakin aiki da ake rufewa da safe idan za su tafi makaranta, wai ana shara.

Ta ɗauki tocila, ta nufi zanen da Umma ta kawo yanzu, wanda ya girmi aurenta. Ta haska a kaikaice. Bishiyoyin hannun dama ne, na Baba. Ta ɗaga hasken zuwa sama, inda aka lallaɓa fentin aka shafe shi har sawun buroshi ya kusa ɓacewa. Ya kusa, amma bai ɓace ba. Ta sauko kan ƙanƙarar. Ta matsa ga na biyu a jingine da bango, ta matsa ga na uku, ga na bakwai. Ko'ina labarin ɗaya ne. Shekara da shekaru tana duba bishiyoyi da bukkoki da sa hannu, ba ta taɓa haska sama ba, don ba ta taɓa zargin sama ba.

"Umma," ta ce. "Tun yaushe?"

Umma ta ninke tsumman gida huɗu. "Tun kina goye."

"Amma ke ba ki taɓa ganin ƙanƙara ba."

"Shi ya gani, shi ke ba ni labari. Babanku ba shi da haƙurin sama, sai ya yi ta dagula ta ya yi fushi ya fita. Wata rana na gyara masa kafin ya dawo. Ya tsaya ya kalla, ya ce, to, daga yau sama da ƙasa naki ne, ni na riƙe abin da ke tsaye." Ta ɗan murmusa. "Ya so ya faɗa, sau biyu. Ni na hana. Me za a ce? A ce mai zane matarsa ke yi masa?"

"Wannan fa?"

"Wannan ba na nunawa ba ne, shi ya sa na tura shi bayan kabad, na ma manta yana can. Da hannunsa ya mutu, kullum sai ya sa in kai shi ɗakin aiki, ya zauna yana kallon yadin da kika sayo. Ran nan ya nuna mini shi da haɓa. Na ce ban iya bishiya ba. Ya sake nunawa. Wata biyar muna yi, yana zaune a bayana, idan na yi ba daidai ba ya buga sandarsa a ƙasa."

"Bai ce ki sa bukka ba? Ko hayaƙi?"

"Na sa. Ya yi ta buga sanda sai da na goge."

Alƙaliya ta dawo gaban teburin. Idonta ya sauka kan sawun, bakinta ya riga hankalinta, kamar yadda ya saba tun tana ƙarama. "Amma sawun nan, Umma, na daman duk ya goge. Hannunki ne ya..."

"Ba gogewa ya yi ba," in ji Umma a hankali. "Ke ba kya gidan da safe. Haka yake tafiya daga ɗaki zuwa ɗakin aiki."

Sai a lokacin Alƙaliya ta ji ƙarar a kunnenta: taku ɗaya, sannan jan silifa a kan siminti, taku ɗaya, jan silifa. Ta bi sawun da ido daga ƙasan zanen, hagu a dake, dama a jaye, har inda ya shige tsakanin bishiyoyi. Abin da ta yi wa tsaki kwana biyu da suka wuce mahaifinta ne yake tafiya. Ta dafa tebur da hannu biyu ta yi kuka, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da aka fita da shi, don ranar ita ce mai tarbar mutane.

Umma ta bar ta sai da ta gama, sannan ta ce, "Ki mayar mini da shi gida. Sauran ki bar su yadda suke, kin riga kin sa hannu."

"Na sa hannu a kan rabin gaskiya."

"Za su yi magana a kan Babanku."

"Za su yi. Ni zan tsaya a zauren in amsa musu." Ta share fuska da gefen mayafi. "Baffa kuma daga nan wurinsa zan wuce, ko zai kore ni sai na durƙusa."

Ta jawo akwatin katunan da ta gama, ta ajiye shi gefe, ta ɗauko sababbi farare. A na farko ta rubuta sunan zanen da shekararsa. Ta rubuta sunan Baba, ta sa "da" a gabansa, ta bar fili. Ta tura katin gaban Umma, ta miƙa mata biro.

Umma ta daɗe tana kallon filin nan. Ta ce rubutunta ba kyau. Ta ce mutane za su yi dariya. Alƙaliya ba ta janye hannunta ba.

Daga ƙarshe Umma ta sa hannun dama ta karɓi biron, yadda aka koya mata tun tana yarinya. Ta riƙe shi a kan katin. Sai ta dubi zanen, ta mayar da biron hagu, ta sunkuya.